Usta Abdussalami da Ciwon Ajuza

Usta Abdussalami, makanikin garinmu, ba ya karyawa sai ya gaisa da ƙarfe. In an idar da sallar asuba a Hillar Audi, ƙauyenmu da ke kusa da Abu Na'ama, yakan koma rumfarsa ta kwano, ya zauna kan tsohuwar tayar da ta zame masa kujera, ya dafa ginshiƙin ƙarfen rumfar da tafin hannu. Matarsa Sabah ta kawo jabana, ɗan tulun gahawa, ta ajiye ta hagunsa, domin ta can ne kunnensa ke da ɗan saura. Yana kurɓar gahawa, hannu na kan ginshiƙi. Injin niƙa ya tashi a bayan masallaci, ƙasa ta ɗauko rawarsa ta kawo masa.

"Bel ɗin mai niƙa ya saki," in ji shi.

"Sha gahawarka, Baban Lubna," in ji Sabah, bakinta dab da kunnensa. "Ba wanda ya tambaye ka."

"Zai tambaya. In ya tsinke."

Haka yake. Kada wanda bai san shi ba ya zaci wani dattijo ne mai sanyin hali. Usta mutum ne mai faɗa, mai son a san shi ne. Ya kori almajiran sana'a da dama saboda sun ajiye sifana a ƙasa. In ya gyara maka inji sai ya faɗa maka laifinka a gaban jama'a, ya ƙara da laifin mahaifinka in ya san shi. Amma tun daga ƙuruciya har furfura, ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya kwance inji sai ya saurare shi. Yakan ce mafi yawan injinan da suka mutu a yankin nan, hannun masu gaggawa ne ya kashe su.

Akwai shaidu. Shehu Alamin, mai garinmu, yana cikin wata lori maƙare da mutane da suka nufi kasuwar Sinja, sai ga Usta ya fito daga rumfa ya tsaya tsakiyar hanya, ya buɗe hannuwa. Direba ya taka birki yana zagi. Usta bai kula shi ba, ya zagaya ya nuna tayar baya. Aka duba, nototin da ke riƙe da ita sun kusa ƙarewa. Daga cikin rumfa ya ji ta tana kaɗawa. Shehu ya ce ranar nan da ƙafa ya ƙarasa kasuwa, don bai yarda ya sake hawa ba. Wata shekara kuma an ɗoro masa injin famfon bakin kogi a keken jaki, wai ya lalace. Ya sa aka tayar da shi, ya saurara, ya ce a mayar da shi inda aka ɗauko shi, a je a ciro abin da ya toshe bakin bututu cikin ruwa. Aka ciro tsohuwar komar masunta.

Amma duk wanda zai yi maganar Usta, sai ya yi maganar Ajuza. Ajuza tarakta ce ta jama'ar gari, ja ce a da, yanzu launinta na ƙasa ne. Ta girmi direbanta Nasir, wanda shi kansa ya aurar da 'ya. Iyayenmu suka haɗa hannu suka kawo ta, kuma ita ce ke jan diski, faifan ƙarfen nan da ke yanka ciyawa yana zuba iri a tafiya ɗaya. Gonakinmu na damina baƙar laka ce. Kafin ruwa ta fi ƙarfin fartanya, in ruwa ya zauna kuwa ko jaki ba ya shiga. Tsakanin ruwan farko da babban ruwa akwai ɗan lokaci. Wanda ya shuka a cikinsa ya ci, wanda ya makara sai baɗi. Shekara da shekaru Usta ne ke tabbatar da Ajuza ta fita a kan lokaci.

Da yaƙi ya iso yankin Sinja, masu bindiga suka riƙa bin ƙauyuka suna kwashe duk abin da ke da taya. Usta ba ya gari, ya kai Sabah asibiti hanya ta rufe a bayansu. Mutanen da suka rage suka yi shawara cikin gaggawa. Akwai babbar matmura ta gari, ramin da muke ajiye dawa a ƙarƙashin ƙasa. Suka kwashe dawar, suka sassare gefe ɗaya ya yi gangara, Nasir ya shiga da Ajuza da baya. Aka jera itace a sama, aka shimfiɗa tabarmi da kara, aka zuba ƙasa, aka ɗaure awaki a kai. Wadda ta sauka ramin daga ƙarshe, kamar yadda aka saba duk lokacin rufe matmura, ita ce Hajja Zahra'u mai man riɗi, taubashiyar Usta. Ita ke duba ko an bar kafar da ɓera ko danshi zai shiga. Masu bindiga sun zo, sun ga awaki, sun kwashe awakin. Ajuza na ƙarƙashin ƙafarsu.

Ban ga binne ta ba, ina ƙasar da na tafi karatu. Tono ta na gani.

Mutane sun dawo daga gudun hijira gida-gida, wasu daga Gadarif, wasu daga sansani. Damina ɗaya ta wuce ba a shuka ba, ciyawa ta cinye gonaki, sandar shuka ba za ta iya da ita ba. Waɗanda suka dawo ba su kwance kayansu duka ba. Lubna, 'yar Usta, ta faɗa wa mahaifiyarta ƙarara: in ba a shuka bana ba, za ta kwashi 'ya'yanta ta koma, ba za ta zauna ta ga suna rama ba. Ba ita kaɗai ke da wannan niyya ba.

Usta ma ya dawo, amma ba da kunnuwansa ba. Dama rurin injina ya daɗe yana cin su. A hanyar gudu wani abu ya fashe kusa da motar da suke ciki, ya ƙarasa sauran. Na dama ya mutu, na hagu sai an yi ihu.

Ranar da aka tono Ajuza, Nasir ya canza mai, ya zuba jaz, wato man dizal, aka aro batir, aka yi bismilla. Ta yi tari, ta yi tari, ta tashi. Hayaƙi fari ya turnuƙe, kuma wurin ya ɗauki ƙamshin suya, kamar ana toya ta'amiya, ƙosanmu na nan, a tasha. Mutane suka yi dariya, mata suka yi guɗa. Da hayaƙin ya lafa sai aka ji abin. Ƙwanƙwasa ce, mai kaifi, kamar ana dukan ƙarfe da ƙaramar guduma daga ciki.

Nasir ya kashe ta nan take. Ba jahili ba ne, a hannun Usta ya tashi, kuma ya san abin da irin wannan ƙara ta fi nunawa a tsohon inji: karank, babban sandan ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji, ya ci shimfiɗarsa, wato ƙarfen da yake juyawa a kai. In haka ne kuma aka matsa mata da aiki, ƙarfe zai ɓalle ya fasa cikin injin, shi ke nan har abada. Gyaran karank sai Sinnar, inda aka ce wani gareji ya sake buɗewa, injinan ƙauyuka jere a ƙofarsa suna jiran layi. Kowa ya san lissafin ba tare da an faɗa ba. Kafin injin ya je ya dawo, babban ruwa ya sauka. Amma gara a rasa damina da a rasa Ajuza. Shehu Alamin ya nemo wani mai lori da ya yarda ya shigo kafin hanya ta zama taɓo.

Ba wanda ya gaya wa Usta. Ba raini ba ne, kunya ce. Wa zai je gaban mutumin da aka san shi da kunne, ya ce masa zo ka saurara, alhali an san ba ya ji? Gari guda ya haɗa baki don a rufa masa asiri, har da Sabah.

Da safiyar ranar da lori ta iso, dole Ajuza ta bi ta gaban rumfarsa, don a gindin tsamiyar bakin hanya aka rataya sarƙar da za a ciro injin. Nasir ya tuƙo ta a hankali, kansa a sunkuye. Usta na zaune, hannu na kan ginshiƙi. Ya ajiye finjali.

"Sabah. Wagga tana ɗingishi."

Sabah ta shiga gyara garwashi.

"Ke nake wa magana. Tun yaushe?"

Ta matso kunnensa. "Tun ran da anka tono ta."

"Kin sani?"

"Kowa ya sani."

"Sai ni."

Ya miƙe. Bai ɗauki akwatin kayan aiki ba. Ya zaro wata busasshiyar sandar bagaruwa daga rufin rumfa, tsawon hannu, ya fere bakinta da wuƙa, ya kama hanya. Sabah ta yafa mayafi ta bi shi, don ita ce kunnensa.

A gindin tsamiya an taru. Lori na tsaye, direbanta sai kallon gabas yake yi, inda hadari ke taruwa ta wajen Habasha. Nasir ya riga ya sa sifana a noti na farko. Sai ga Usta. Shehu Alamin ya tare shi da murya ƙasa-ƙasa.

"Usta, ma'alesh, ka yi haƙuri. Ba mu so mu ɗora maka abin da zai ba ka kunya ba."

Usta ya juya ga Sabah. "Mi ya ce?"

Sabah ta ja numfashi ta kwarara ihu: "Ya ce ba su so su ba ka kunya ba!"

Har mai lori ya ji. Shehu ya rasa inda zai sa fuskarsa.

"To ga ta kun ba ni," in ji Usta. "Nasir, cire hannunka daga notin nan kafin in cire maka shi. Wa ya koya maka kwance inji ba ka saurara ba?"

"Na saurara, Usta. Daga ƙasan inji ne. Karank ne."

Hajja Zahra'u na zaune kan jarkarta a inuwa. Tsakaninta da Usta wasan taubasai ne tun suna yara, kuma tsufa bai rage masa kaifi ba.

"Ku ba kurma hanya!" ta ce. "Yau za mu ga yadda ake jin magana da gemu."

Sabah ta isar da saƙon kamar yadda yake.

"Ce mata tsohuwar da ke wari kamar matsar mai ta raƙumi ta yi nisa da injina," in ji Usta. Ya dubi Nasir. "Amsa mini da kai, ba sai ka yi ihu ba. Da sanyin safe ta fi kuka, ko in ta yi zafi?"

Nasir ya yi tunani. Ya nuna gabas da hannu, wato da safe.

"In ta yi zafi tana raguwa?"

Nasir ya gyaɗa kai.

"Karank in ya ci shimfiɗa, zafi ƙara masa kuka yake yi, don mai ya tsinke. Wannan na faɗa maka tun ba ka da gemu. Tayar da ita."

"Usta, in ta fashe..."

"Tayar da ita, ya zol!"

Ajuza ta tashi, ƙwanƙwasar ta dawo, mutane suka ja baya. Usta ya sa bakin sandar tsakanin haƙoransa ya cije, ya dafa ɗaya bakin a ƙasan injin, ya rufe ido. Ƙarfe ya ba itace, itace ya ba haƙori, haƙori ya kai wa ƙashin kai. Ya daɗe a nan. Ya ɗaga sandar zuwa tsakiya. Ya ɗaga ta sama, kusa da murfi, ya bi ta daga gaba zuwa baya, ya dawo, ya tsaya wuri ɗaya. Gemunsa na rawa tare da injin. Sannan ya karɓi sifana daga hannun Nasir, sanda na bakinsa, ya sassauta bututun jaz na kowace tukunyar inji, wato silinda, ɗaya bayan ɗaya, yana hana ta wuta, yana mayarwa. Injin ya riƙa rage ƙarfi yana dawowa. Ƙwanƙwasar ba ta canza ba.

Ya yi alama aka kashe. Ya tofar da ɓawon itace.

"Ba daga ƙasa ba ne." Ya dunƙule hannu ya shiga buga ƙirjin Nasir. "Karank kowane juyi yake duka, haka, haka, haka. In ka hana tukunyarsa wuta sai shi yi laushi. Wagga kuwa ta buga, ta tsallake, ta buga, ta tsallake. Abin da ke tafiya rabin gudun inji, a sama yake. Bawul ne. Ƙofar da ke fitar da hayaƙi ba ta rufewa da wuri, fistan da ke hawa da sauka cikin tukunya na tarar da ita a hanya yana mangare ta."

Mai lori ya danna ham. Ya ce shi fa ba zai kwana a laka ba. Ko a ɗora inji yanzu, ko ya juya, kuma ba zai dawo ba sai kaka.

Nan ne maganar ta tsaya. Shehu Alamin ya matso da kansa, ya ajiye kunya, ya yi ihu a kunnen hagu.

"Usta! In lori ta tafi kuma ka yi kuskure fa?"

"In na yi kuskure, kun rasa damina kun rasa Ajuza, don sai na sa mata diski na gwada ta, kuma za ta fashe. Ku ce kurma ya kashe ta. In kunka ɗora ta a lori, damina kawai kunka rasa, da mutanen da za su tafi. Har da ɗiyata. Kai ne mai gari. Zaɓi."

Shehu ya dubi hadari, ya dubi lori, ya dubi tsohon da ɓawon bagaruwa ke maƙale a gemunsa. Shi ne mutumin da ya taɓa ƙarasa kasuwar Sinja da ƙafa. Ya ɗaga wa mai lori hannu.

"Halas, shi ke nan. Allah shi kiyaye hanya."

Lori ta juya. Ƙurarta ta tashi, ta kwanta.

Usta ya sa aka cire murfin saman injin kawai. Ya ce Nasir ya juya injin da hannu, a hankali. Bawul-bawul suka riƙa sauka suna tashi, kowanne da ƙarfin sifirin da ke mayar da shi sama, tsaf. Sai ɗaya. Ya sauka, da aka sake shi ya tsaya, sannan ya taso a hankali kamar tsoho daga tabarma. Kowa ya gani, har waɗanda ba su taɓa leƙa cikin inji ba. Nasir ya zauna a ƙasa.

Usta bai yi murna ba tukuna. Bawul ba ya nauyi haka kawai. Ya sa farce a wuyansa ya kankaro wani abu mai danƙo, launin zuma da ta ƙone. Ya murza. Ya shinshina. Ya ɗora a harshe. Sannan ya juya a hankali, ya nemi inuwar da jarka take.

"Zahra'u."

Hajja Zahra'u ta gyara zama.

"Ran da anka tayar da ita, an ji ƙamshin suya?" Jama'a suka amsa da kai. "Wa ya sauka rami daga ƙarshe?"

"Ni," in ji ta, ba tare da ta sunkuyar da kai ba. "Kuma na zuba. Lauje in an gama kaka, da mi ake shafe shi kafin a rataye? Fartanya fa? Wuƙar layya fa? Ƙarfe za a sa cikin rami, damina ta bi ta kansa, in bar shi haka tsirara? Na ga bututun hayaƙi a tsaye baki buɗe, na ɗura mata, na toshe da tsumma. Kuma ba na kasuwa na ba ta ba, na cin gidana na ba ta, matsar fari!"

Sabah ta isar da wannan duka, har da matsar fari.

Dariya ta fashe, irin wadda ta daɗe ba a yi ba a garin. Wani ya ce ashe Ajuza kisra, gurasar dawa, kawai ta rasa. Amma wasu fuskokin ba su yi dariya ba. An fara gunaguni ta baya: saura ƙiris tsohuwa ta ja wa gari asarar shekara. Usta bai ji gunagunin ba, ya gan shi. Ya buga sandarsa a tayar Ajuza.

"Ku duba diskin da anka binne tare da ita. Tsatsa ta cinye shi ko ba ta cinye ba? Ku duba nototin ƙafa. Danshin da ya yi wannan, da ya samu bututun nan a buɗe, da ya sauka har kan fistan ya manne shi da bango. Da ko raƙumi ba ya juya injin nan, balle batir. Man riɗi ya daskare ya riƙe bawul ɗaya, gaskiya ne. Shi kuma ya hana tsatsa sauran. Da ina nan da baƙin mai zan zuba, amma da na zuba." Ya ɗan tsaya, kamar maganar na masa ɗaci. "Tsohuwar ta yi daidai. Da man da ba daidai ba."

"Sabah," in ji Hajja, "ce masa ya maimaita, ban ji ba. Kurumtar tasa ta kama ni."

Saura gyara, kuma ba mai sauƙi ba ne. Hanyar da aka sani ita ce a ɗage kan injin gaba ɗaya a wanke. Amma in an ɗage, sai an sa sabuwar shimfiɗa tsakanin kai da jiki, kuma babu ita daga nan har Sinnar. Usta ya ce ba za a ɗage ba. Ya sa aka juya injin har fistan ya hau can sama, yadda bawul ba zai faɗa ciki ba. Ya cire sifirin. Ya kama wuyan bawul yana ɗiga kananzir, yana murzawa, yana ja, yana turawa. In hannunsa ya gaji Nasir ya karɓa. Danƙon ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan. Aka yi azahar, aka dawo. Hadari ya matso, iska ta fara kawo ƙamshin ruwan da ya sauka wani wuri. Suka bi sauran bawul-bawul ɗin hayaƙi ma, don duk sun sha mai.

Siririn sandan ƙarfen da ke tura bawul ɗin ya ɗan lanƙwashe saboda duka. Ido ba ya gani. Usta ya ce a kawo masa madubi.

"Wane madubi?" in ji Sabah.

"Naki."

"Na aurena? Wanda ya tsira daga yaƙi?"

"Shi ma yau zai yi aiki."

Ta kawo shi rungume kamar jariri. Ya kwantar da shi, ya mirgina sandan a kai, sandan ya riƙa tsalle a inda ya karkace. Ya ɗauke shi ya ɗora kan gungume, ya ɗan taɓa shi da taɓarya, ya mayar kan madubi. Haka, haka, har ya mirgina shiru daga gefe zuwa gefe. Madubin bai yi ko tsaga ba, amma Sabah ba ta yi numfashin kirki ba sai da ya koma hannunta.

Bayan la'asar aka rufe murfi. Nasir ya hau. Ajuza ta tashi.

Jama'a sun ji ƙwanƙwasar ta ɓace tun kafin shi. Guɗa ta tashi, maza na kabbara, Shehu Alamin ya rungume wanda ke kusa da shi. Usta na tsaye a tsakiyarsu, bai ji komai ba, kuma bai yarda da fuskokinsu ba. Ya sa sanda a baki, ya dafa ta inda ciwon yake, ya cije da ƙarfi, ya rufe ido. Ya bi injin sama da ƙasa. Da ya cire sandar akwai jini a bakinta. Ya tofa wani abu a tafin hannu, ya duba. Haƙorinsa ne na gaba, wanda dama shi ke riƙe sandar.

Ya jefa shi aljihu. "Tamam, ta yi. Ku ɗaura diski. Ku kai ta inda ciyawa ta fi kauri, ku ba ta wuta duka."

"Gonar wa za a fara?" in ji Nasir.

"Ta mai mai. Ita ta ciyar da ita."

Ajuza ta shiga gonar Hajja Zahra'u, faifai suka nutse, baƙar ƙasa ta juye, hayaƙi ya miƙe sama. Ba ta fashe ba. Daga ranar ba ta huta ba sai don a zuba jaz ko a canza direba, gona bayan gona, yayyafi na binta a baya. Babban ruwa ya sauka ya tarar da iri a ƙasa. Lubna ta kwance ɗaurin kayanta, ta aika a kawo mata sauran tukwanenta daga Gadarif.

Da kaka aka yanke riɗi, aka sare dawa, aka sake cika matmurar da abin da aka haƙa ta dominsa. Hajja Zahra'u ta kawo wa Usta kwalba daga matsar fari, ta dire a gabansa, ta yi ihu da kanta ba ta jira Sabah ba: "Wannan na bakinka ne, ba na bututu ba!" A ranar Usta ya shaida wa Shehu ya ajiye aiki. Ya ce kunne ya tafi, haƙori ya bi shi, ba zai tsaya yana cin amanar inji da dasashi ba.

Shi ya sa na rubuta wannan, tun yana raye, tun ana iya karanta masa da ƙarfi ta hagu.

Usta, kai ne ka tsaya a gaban lori don mutanen da ke cikinta, kai ne kuma ka sallami lori don mutanen da ke bayanka. Kai ne aka ɓoye wa ciwo don a rufa maka asiri, ka zo ka sa sunanka cikin haɗari ba wanda ya roƙe ka. Mai jin maganar ƙarfe, da kunne ya ƙi, ka ji da ƙashi. Ka iya barin tsohuwa ta ɗauki laifi, jama'a sun shirya ɗora mata, ka faɗi gaskiyar da ta wanke ta duk da ka san har ka mutu ba za ta bar ka ka manta ba. Ba ka da sauƙin hali, kuma ba za mu ƙaga maka shi ba. Abin da kake da shi ya ciyar da gari. Mun gode. Allah ya saka maka, ya saka wa Sabah da ta zame maka kunne, ya ba ka lafiyar cin abin da aka shuka.

Ku kuma masu sana'a, a gareji kuke ko a ɗakin magani ko a aji, ku ɗauki ƙa'idarsa: ku saurara kafin ku kwance. Ku tambayi yaushe ciwon ya fi tashi, ku tambayi wa ya taɓa wurin daga ƙarshe. Mu sauran jama'a, kada kunya ta sake sa mu zagaye dattijo da abin da ya fi mu sani. A je a faɗa masa, ko da ihu ne.

Yana nan a rumfarsa kowace safiya, hannu kan ginshiƙi. Nasir, wanda kunnuwansa garau suke, yanzu ba ya taɓa noti sai ya ciji sandar bagaruwa. In Ajuza ta bi ta gaban rumfa za ta gona, Nasir kan rage gudu ya dubi tsohon. Usta ya ɗan jira, tafinsa a kan ƙarfe. Sannan ya ɗaga finjali, ya yi masa alama da kai ya wuce.